Ƙafar Kawu da Lamba 42

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yarda cewa haƙoransa sun ragu. Ya yarda ba ya iya karanta jarida sai da tabarau, har ma ya haƙura da cewa buhun shinkafa ba zai koma farashin zamanin Gawon ba. Abin da bai taɓa yarda da shi ba, kuma ba a kawo masa wasa a kai, shi ne a ce ƙafarsa ta tashi daga lamba 42.

Yana da hujjarsa. A 1975, da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, yana sabon malamin firamare. Abokansa suka yi ta sayen keke da rediyo, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya nufi kantin Bata da ke kusa da kasuwar Sabon Gari, wurin da har yau duk ɗan Kano ke kira Bata ko da bai taɓa taka takalmin kamfanin ba. Wani akawu ya ɗora ƙafarsa a ma'auni ya ce takwas, wato 42 a lissafin da aka fi yi yanzu. Daga ranar magana ta ƙare. Kawu ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya sauka yana hedimasta, kuma a iliminsa lambar da aka riga aka rubuta ba ta canzawa sai da takarda daga ma'aikatar ilimi.

Tunda ya yi ritaya bai sake sa sau-ciki ba. Silifas a gida, fade na fata in za a fita. Su kuwa waɗannan takalma ba sa kai ƙarar kowa: ƙafa ta yi faɗi ta zubo ta gefe, dunduniya ta leƙo ta baya, ba mai cewa uffan.

Ciwo ne ya tona asiri, a hunturun bara. Da ya sauko daga gado don sallar asuba, takun farko sai ya ji abu ya soke shi a tsakiyar dunduniya, har sai ya dafa bango. In ya ɗan zagaya tsakar gida ciwon ya lafa, in ya zauna ya daɗe ya miƙe ya dawo sabo. An shafa man zafi, an shafa man shanu, wanzamin unguwa ya ba da shawarar ƙaho. Da Inna, matarsa, ta ga yana rarrafawa zuwa buta, sai ta ce asibiti ko ta kira 'ya'yansa duka a waya, ya zaɓa. Ya zaɓi asibiti.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yar autarsa ba. Ta danna gindin dunduniyar da babban yatsa, Kawu ya yi salatin da aka ji a layin karɓar kati. Ta sa an duba masa sukari, domin mai ciwon sukari jijiyoyin jin ƙafarsa kan mutu, takalmi ya ci shi har ya zama gyambo bai sani ba. Kawu ba shi da sukari, yana jin komai har da ƙari. Sannan ta nemi ganin takalminsa. Ya miƙa mata silifas ɗin da bayansa ya sirance har ana hango tayil ta wata 'yar kafa.

"Baba, daga yau ka rabu da wannan. Ka nemi kambas mai taushin ciki, mai riƙe dunduniya, ka riƙa tattaki na rabin awa kullum."

"Kambas? 'Yata, kin kuwa san shekaruna?"

"Na gani a kati, Baba. Ai shi ya sa."

Abin da ta bayyana masa, shi kuma ya saurara da fuskar mai duba jarrabawar ɗalibin da bai yarda da shi ba, ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Ƙafa ɗaya tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, tsoka da jijiyoyi sama da 100 ke ɗaure da su. Ƙarƙashin dunduniya akwai kitsen da ke shanye nauyin taku, kuma da shekaru yana sirancewa kamar katifar soso da aka daɗe ana kwana a kai, har mutum ya fara jin katakon gado. Jijiyoyi su saki, kwarmin tafin ƙafa ya sauko ƙasa, ƙafa ta ƙara tsawo da faɗi. Ba ƙashi ne ya girma ba, ginin ne ya baje. Akwai kuma wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu; ita ce ke wahala in kwarmin ya sauko, da dare ta takure, da asuba mutum ya taka ya ja ta da ƙarfi. Rabin awar da likitar ta yanka masa kuwa daga shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito, wadda ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ta ƙara da cewa ya je sayen takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburin yini, kuma ya sa a auna shi. Wannan jimla ta ƙarshe Kawu bai ji ta ba. Tun a lokacin na lura kunnensa na zaɓen abin da zai ji.

Sai a fahimci damuwarsa. A Kano an san masu kambas: ɗan makaranta, ɗan ƙwallo, da 'yan hidimar ƙasa da ake kira kofa, waɗanda tun kafa shirin a 1973 ake ganinsu da farin kambas a sansani. Kawu da kansa ya sha tsayar da yara a rana ana jibi faretin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba, don ba su goge kambas ɗinsu da alli ya yi fari tas ba. Yau a ce shi ne zai fito da shi ƙarƙashin babbar riga, ya wuce ta gaban majalisar da ya fi shekara talatin yana zama?

Na yi ƙoƙarin lallashinsa da tarihi, tunda shi ne abin da yake girmamawa. Na ce masa kamfanin da yake alfahari da shi ma yadi ne ya tashe shi: Tomáš Baťa da 'yan uwansa sun kafa shi a garin Zlín a 1894, kuma da bashi ya kusa durƙusar da su sai ya koma ɗinka takalmi da yadi maimakon fata, talakawa suka yi rububinsa saboda araha. Na ce tun 1844 Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta don kada ta narke a zafi ko ta ƙage a sanyi, kuma da wannan dabarar aka samu liƙa ƙasan roba da saman yadi. Keds ya fito a Amurka a 1916, All Star na kamfanin Converse a 1917. Kawu ya tambaya su wa aka yi wa na ƙarshen. Na ce 'yan ƙwallon kwando. Ya ce to ka gani.

A nan ya fi ni gaskiya, ko da ba ta inda yake nufi ba. Kambas na asali, mai shafaffen ƙasa da siririyar shimfiɗa, ƙafar saurayi aka yi wa, wadda kitsenta da jijiyoyinta ke yin aikin da takalmin bai yi ba. Tsoho in ya sa irinsa, silifas ya sake sawa, sai dai an rufe masa sama an ƙara masa igiya.

Ni aka ɗora wa rakiya, domin a wajen Kawu rubutu ba aiki ba ne da zai hana mutum zuwa aike. Na tuna masa batun yamma. Ya ce cinikin safe ya fi albarka, mai kanti ba ya son mai buɗa masa kasuwa ya tafi hannu rabbana. Muka isa Sabon Gari ana ɗaga ƙofofi.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Sayis nawa?"

"Arba'in da biyu."

Saurayin ya dubi ƙafar Kawu, ya dube ni, ya sake duban ƙafar. Bai ce komai ba, ɗan kasuwa ba ya musu da lambar mai kuɗi. Ya sauko da fari tas mai igiya, wanda aka rubuta wa wani suna da ya yi kama da na wani babban kamfani amma harafi ɗaya ya ɓata hanya. Shigar da ƙafar dama sai da aka nemo cokali a wajen mai shayi.

"Yaro, ya ɗan matse."

"Sabo ne, Baba. Ka taka kwana biyu, zai buɗe."

Ban san kalmar da ta ci kuɗin dattawan Kano kamar "zai buɗe" ba. Kuma dalilin da ya sa suke yarda da ita shi ne a zamaninsu gaskiya ce. Fatar da dukawa ke ɗinka takalmi da ita tana bin ƙafa, ta saki inda ya kamata. Yadin kambas kuwa saƙa ce mai tsauri, irin ta tanti, sakinsa kaɗan ne, kuma robar da ta zagaye shi ta rufe kan yatsu an riga an dafa ta a kan siffa ɗaya, ba ta san wani Alhaji ba.

Ƙarƙashin harshen takalmin akwai 'yar takarda mai lambobi huɗu, kuma a nan tsohon malamin lissafi ya tsaya. Lambar Turai, wadda muka fi sani, kowace ɗaya kashi biyu cikin uku ne na santimita. Ta Ingila kowace ɗaya sulusin inci ce, tsawon da mutanen da suka ɗauka na ƙwayar sha'ir. Ta Amurka tana gaba da ta Ingila da kusan ɗaya a takalmin maza, ta matansu kuma daban take. Ta huɗu tsawon ƙafa ne da santimita. A takalmin kirki huɗun nan suna gaskata juna. A na hannun Kawu kowace da inda ta dosa, in aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a samu ƙafafun mutum huɗu. Ya ce da ɗalibinsa ne ya kawo masa wannan da sifili zai ba shi. Amma akwai 42 a jikin takardar, don haka ya taya, aka ce albarka, ya ƙara, aka sallama.

Ranar Juma'a ya ƙaddamar da shi, a ɗaurin auren 'yar wani tsohon abokin aikinsa. Zafin Afrilu ne, irin wanda ma'auni ke haura 40 a Kano. Ɗaure igiyar kaɗai ta ci lokaci, domin tsakanin Kawu da ƙafarsa akwai tumbi da kuma bayan da ba ya son ruku'u mai tsawo. Ya tafi yana taku ɗai-ɗai, fuska a ɗaure, mutane na tsammanin natsuwa ce. A ƙofar masallaci ya kwance, ya shiga, aka yi huɗuba, aka yi salla, aka ɗaura aure, aka yi addu'o'i masu tsawo, duk yana zaune a tanƙwashe. Da aka shafa fatiha ya fito, ƙafa ta yi abin da likita ta faɗa. Ta ƙi shiga. Ya tura, ya murɗa, wani bawan Allah ya riƙe masa kafaɗa, wani ya durƙusa yana ja masa bayan takalmin, 'yan ɗaurin aure suka fara taruwa suna ba da shawara. Daɓen harabar kuwa ya ɗau zafin da ba a tsayawa a kai, sai ɗaga ƙafa yake yana sauke wata. Daga ƙarshe ladan ya ara masa silifas ɗin alwala, ɗaya shuɗi ɗaya kore, duka na hagu. Yana ƙoƙarin shiga adaidaita sahu da farin kambas a hamata wani yaro ya ɗaga murya ya ce, "Baba kofa, a dawo lafiya!"

Bai fita majalisa ba ranar, amma labari ya riga shi zuwa.

Mai hankali zai ce a nan za a koma batun awo. Ina! Kawu ya ce takalmin ne ke da taurin kai, kuma ya ga masu taurin kai da yawa a aji shida. Ya cusa masa jiƙaƙƙiyar jarida ya kwana. Ya sa taɓarya a ciki ya jingina da bango. Sai jikansa, wanda ke kiransa "tsoho" yana tsira da lafiyarsa saboda wasan jika da kaka, ya zo da dabarar da ya gani a intanet: a cika leda da ruwa, a cusa cikin takalmi, a sa a firiza. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tura takalmin ya buɗe. Ilimin kimiyyar daidai ne, Kawu ma ya tabbatar yana cikin manhajar aji biyar. Abin da mai dabarar bai sa a lissafi ba shi ne wutar unguwarmu, da kuma cewa firizar gidan ta Inna ce, a ciki take sanyaya zoɓo da kunun ayar da take sayarwa.

Da dare suka lallaɓa suka tura takalman ƙarƙashin ƙulle-ƙullen zoɓo. Wuta ta yi awa biyu aka ɗauke. Da safe Inna ta buɗe firiza gaban wata maƙwabciya da ta zo sari.

"Malam! Zo ka gaya mini abin da nake gani."

"Gwaji ne na kimiyya."

"A cikin abin da mutane ke sha? Takalmin da ka shiga bayin masallaci da shi?"

"Ban shiga da shi ba, ai ƙin shiga ya yi."

Ledar ruwan ta fashe, ƙullin zoɓo biyu sun bi ta, farin kambas ya fito ja-ja-ja da ɗigon kunun aya. Kawu ya biya kuɗin zoɓon ranar gaba ɗaya daga fanshon da bai riga ya shigo ba. Da takalmin ya bushe aka gwada, ko ɗigo bai ƙaru ba.

Wani abokinsa a majalisa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ya kawo shawarar gwanjo. Ya ce kayan Turawa sun fi ƙarko, kuma wani ya riga ya sha wahalar buɗa maka shi. Muka nufi Ƙofar Wambai, inda ake zube takalma tsibi-tsibi, kowane mai tsibi na rantsuwa yau aka fasa dilar. A nan Kawu ya ci karo da wani ruwan toka mai kaurin ƙasa, wanda takardar lambarsa ta goge sarai. Ya zura ƙafa ta shige salin-alin. Ya taka, ya sake takawa, ya je bakin layi ya dawo, fuskarsa ta saki irin sakin da ban gani ba tun kafin hunturu. Ya ce ka ga 42 na gaskiya. Ƙasan ma ko ƙwarzane babu, alamar mai shi bai taɓa sa shi sosai ba, kuma mu duka muka ɗauki wannan a matsayin sa'a.

Ashe ita ce matsalar. Wasu daga cikin irin waɗannan masu kaurin ƙasa ana zuba musu wani soson roba da masana'antu ke kira PU. Yana da taushi, ba shi da nauyi, amma damshin iska na shiga cikinsa a hankali yana tsinka shi ta ciki, kuma takalmin da aka ajiye shekaru ba a takawa ya fi saurin lalacewa a kan wanda ake sawa. Daga waje sai ka rantse sabo ne. Wannan kuwa Allah kaɗai Ya san shekarun da ya yi a kabad ɗin wani Bature, da watannin da ya yi a kwantena a kan teku, kafin ya zo ya sha ranar Kano.

Ranar tantance 'yan fansho ya sa shi, ranar da tsofaffi ke yini a layi don su nuna wa hukuma suna raye. Tun a bakin ƙofa na ga wani baƙin gari-gari na bin sawunsa, na ɗauka wani abu ya taka. Layi na matsawa, garin na ƙaruwa. Can sai wani dattijo da ke bayansa ya taɓa shi ya ce, "Malam, kana zubar da kaya." Kafin a kira sunansa dunduniyar hagu ta ɓare ta zauna a ƙasa, ya koma tafiya gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa. Yana isa gaban tebur ta dama ma ta sallama. Jami'in ya ɗaga kai ya ga mutum da saman takalmi ɗaure tsaf da igiya, safa kuma a kan siminti, bai tambaye shi wata shaida ba ya buga hatimi. Kawu ya ce shekara da shekaru bai ga an gama da shi da wuri haka ba.

Shumekan da ke bakin titi ya juya abin da ya saura, ya murtsuke ɗan soson da yatsa ya zama gari. Ya ce, "Baba, wannan sai haƙuri. Babu inda allura za ta kama, gam ma sai ya samu abin riƙewa."

Inna ce ta kawo ƙarshen lamarin, kuma ba da gardama ba, don ta fi shekara arba'in da sanin gardama ba ta kai ta ko'ina da shi. Wata la'asar ta shimfiɗa buɗaɗɗen kwalin taliya daidai inda yake saukowa in ya gama alwala, ta ɗauke silifas ɗinsa ta matsar gaba kaɗan. Ya taka kwalin da ƙafa biyu yana faɗan wa ya taɓa masa takalmi. Yana shigewa ta bi sawun da biro kafin ya bushe. Dabarar ta fi ta jikan nan nesa ba kusa ba, domin an samu duk abin da ake so: yamma ce, yana tsaye, nauyinsa duka na kan ƙafar. Wani Ba'amurke, Charles Brannock, ya ƙera ma'aunin ƙarfe na kantunan takalmi a shekarun 1920 don ya auna tsawo da faɗi; Inna ta samu duka biyun da kwali da tef ɗin telan da ke ƙofar gida. Sawun ya fito cikakke, babu ramin kwarmi sai ɗan kaɗan. Ta dama santimita 28, ta hagu ta gaza da kusan rabin santimita, abin da ba baƙo ba ne, kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, kuma da babbar ake sayen takalmi.

Sai a yi lissafin da Kawu ya ƙi yi. Kashi biyu cikin uku na santimita sau 42 ya ba da 28 cif. Wato tsawon cikin takalmin kaf shi ne tsawon ƙafarsa, ba wurin da yatsa zai motsa, alhali ana so a bar kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Ƙafar Kawu 44 take nema, mai faɗin gaba. Ni dai ina zargin ko a shekarar Udoji ma 42 ɗin da ƙyar ne, amma wannan magana ce da ba zan faɗa a gidansa ba.

Muka koma kasuwa bayan la'asar, kwalin na cikin aljihuna a ninke, safar da zai riƙa sawa na ƙafarsa. Wannan karon wajen wani dattijon mai kanti muka je, na ja shi gefe na nuna masa kwalin na yi masa bayani a gurguje. Ya gyaɗa kai, da alama ba yau ya fara ganin irin Kawu ba. Ya fito da wani baƙin kambas marar igiya, mai roba mai talewa a gefe biyu, wanda ake zurawa a tsaye a cire a tsaye, abin da duk mai salla biyar a masallaci zai san darajarsa. Na yi masa gwajin da likitar ta koya mana. Na lanƙwasa shi, ya lanƙwashe a gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasa, ba a tsakiya ba. Na murɗa shi, ya ƙi murɗuwa. Na matsa bayansa da yatsa, ya tsaya ƙyam. Shimfiɗar ciki tana fita, na zaro ta na ɗora a kan zanen Inna ta rufe shi da 'yar rara. Dunduniyarsa ta ɗan fi gaba tudu, ƙasansa na da zane mai kama daɓe, domin santsin bakin famfon alwala ya kayar da tsofaffi da yawa. Kyau kam babu. Faɗinsa ya sa ko a kan kanta ya fi sauran cin wuri.

Kawu ya zura, ya miƙe, ya taka. Ya yi shiru. Sannan ya zauna ya cire ya ɗaga harshen takalmin yana laluben tabarau.

"Wannan ai 44 na gani."

"Ranka ya daɗe, lissafin Jamus ne," in ji mai kantin, ko ƙifta ido bai yi ba. "Su nasu yana gaba da namu da biyu. In ka cire, 42 ne daidai."

Babu wani lissafin Jamus, lambarsu ita ce ta sauran Turai, kuma ina kyautata zaton mutumin da ya gano kuskure a lambobi huɗu na takalmin farko ya san haka. Ya dubi mai kantin ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa yaron da ya kawo uzurin ƙarya mai kyau. Ya ce dama Jamusawa mutane ne masu tsari. Ko tayi bai yi sosai ba.

Ciwon bai tafi a dare ɗaya ba. Ya ɗauki watanni, tare da miƙa jijiyar ƙwauri a jikin bango da mirgina kwalbar ruwan sanyi ƙarƙashin tafin ƙafa, kwalbar da yanzu sai ya saya a wajen Inna kamar kowa. Amma bayan sallar asuba yana zagaya unguwa da jallabiya da baƙin kambas, yana gaisawa da masu shara da masu ƙosai. Kafin ya sa sai ya kife shi ya bubbuga saboda kunama. A masallacin Juma'a kuma ba ya ajiye su wuri ɗaya, na dama a ƙofar gabas, na hagu a ta kudu, wai ɓarawo ba ya satar ƙafa ɗaya. Sau ɗaya aka kulle ƙofar kudun kafin ya fito daga dogon wuridi, ya dawo gida da ɗaya, ya aiki jikan da magariba.

'Yan majalisa sun yi dariyarsu har ta ishe su. Suka sa masa suna kyaftin, suna tambayarsa yaushe ne wasan ƙarshe. Sai tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan nan ya biyo shi gida wata rana da dare, ya daɗe yana zancen tsadar taki, kafin ya tambaya a ina ake samun irin na Jamus ɗin, wai wani ƙaninsa ne ke fama da dunduniya. Bayansa ladan ya zo, shi ma ƙaninsa. Yanzu Kawu ya ajiye kwalaye a zaure da buta kusa, duk wanda ya zo da zancen ƙani sai ya sa shi ya jiƙa ƙafa ya taka, tunda ai ƙafar 'yan uwa ba ta rasa kama. Yana bin sawun da jan biro, ya rubuta kwanan wata a kusurwa, ya sa hannu.

Ranar Asabar aka ce in je kasuwa da kwalayen bayan la'asar. Kowanne an rubuta lambar da mai shi ya rantse da ita a baya, kuma Kawu ya ja mini kunne in gaya wa mai kantin cewa na ladan lissafinsa ya fi na kowa nisa, sai dai a nemo masa na Rasha.